Jagora Ga Mai Koyon Makanikanci: Canja Takalman Birkin Ganga

Duk wanda ya daɗe a gareji yana lura da yaran da ke koyon aiki, zai ga cewa kurakuran da suke yi wajen canja takalman birkin ganga ba su da yawa, amma su ne dai ake ta maimaitawa shekara da shekaru, yaro ya gada daga wanda ya riga shi shiga, shi kuma ya gadar wa na bayansa, har abin ya zama tamkar ƙa'ida, alhali kuwa gafala ce tsantsa. Asalin kurakuran nan duka guda ne: mai koyo yana zaton aikin ya tsaya ga cire tsoho da sa sabo. Haƙiƙanin maƙasudin aikin kuwa shi ne a mayar da 'yar tazarar da ke tsakanin takalmi da ganga yadda maƙerin motar ya ƙaddara ta, a kuma daidaita ta dama da hagu, cikin tsabta, ba maiƙo ba ƙura. Da yake kuma da zarar an mayar da ganga an ɗaura taya ba mai iya ganin abin da aka yi a ciki, ko mai motar ko fasinjojin da zai ɗauka, aikin ya zama amana, kuma wajibi ne wanda ya karɓe ta ya san dalilin kowane mataki kafin ya sa hannu.

Yadda birkin yake aiki

Birkin ganga tsohon fasali ne, domin tun shekarar 1902 Louis Renault na ƙasar Faransa ya fito da shi a siffar da ta yi kusa da wadda muka sani, kuma ko da yake birkin faifai ya ƙwace ƙafafun gaba na kusan dukkan motocin zamani, har yanzu shi ne a ƙafafun baya na mafi yawan motocin da ke ɗaukar jama'armu, irin su Corolla da Golf da Hiace da Hilux, saboda arha, da juriya, da sauƙin haɗa shi da birkin hannu.

Gangar, wadda makanikai ke kira durom, tana juyawa tare da taya. A bayanta akwai farantin ƙarfe wanda ba ya motsi, a kansa aka ɗora takalma biyu masu siffar baka, kowanne da fata manne a bayansa. Idan direba ya taka feda, man birki yakan bi ta bututu ya shiga wata 'yar silinda da ke saman farantin, ya tura fistin biyu waje, su kuma su buɗa takalman har fatarsu ta kama cikin ganga. Idan ya ɗaga ƙafa, sifirin ya janyo su su koma mazauninsu. Tsakanin takalman akwai ƙarfen saiti mai haƙora, wanda ke ƙara tsawo kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda fata ke cinyewa, don kada tazarar ta yi yawa. Akwai kuma wata hikima da ya kamata a kiyaye: juyawar gangar da kanta takan ja takalmin da ke fuskantar gaba ta ƙara danna shi, shi ya sa yake yin aiki fiye da ɗan'uwansa, kuma sau da yawa yake riga shi ƙarewa.

Duk ƙarfin gudun mota zafi yake komawa a cikin birki, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, zafin da za a sha kafin a tsaya yakan ninka sau huɗu. Ganga idan ta yi zafi takan buɗe, ta yi nesa da takalmi, feda ta ƙara nutsewa. Saboda haka motar da birkin bayanta ba ya kan saiti tana iya yin wata guda tana yawo cikin gari ba a gane ba, sai ranar da ta ɗauko kaya ta doshi gangare irin na Hawan Kibo, inda aka bar wa birkin gaba dukkan nauyin shi kaɗai, sannan aibin ya bayyana a lokacin da nadama ba ta da amfani.

Alamomin da ke nuna lokaci ya yi

Birkin hannu yakan yi ta hawa sama bai kama ba; feda takan yi nisa kafin a ji birki; a kan ji ƙarar gogar ƙarfe da ƙarfe daga baya; wani lokaci ƙafa ɗaya ta riƙa kullewa tana jan ƙasa, musamman da damina. Amma alama ba hujja ba ce, hukunci sai an buɗe an auna. A wasu Corolla, alal misali, kaurin sabuwar fata milimita 4 ne, kuma Toyota ta ƙayyade cewa idan ya sauko zuwa milimita 1 an kai iyaka. Mai hankali ba ya jiran iyakar. Da ya ga saura milimita 2, ko ya ga fatar ta tsage, ko ta fara ɓamɓarowa daga ƙarfenta, ko ta sha mai, sai ya canja.

Kayan aiki

- Sababbin takalma huɗu, wato na ƙafafun baya duka biyu, daidai da irin motar da shekararta, tare da sababbin sifirin da ƙusoshin riƙe takalmi in ana samunsu.
- Jak, da madogaran ƙarfe biyu masu ƙafafu, da weji na tare taya.
- Sifanar taya, da sifana mai awon ɗauri in akwai.
- Filaya mai dogon baki, da filayar sifirin, da sukudireba biyu masu faɗin baki, ɗaya siriri.
- Guduma matsakaiciya, da ƙusoshi biyu masu zare na milimita 8 don turo ganga.
- Ma'aunin milimita, da sanfefa, da burushin ƙarfe.
- Feshin wanke birki, ko ruwan sabulu da tsummoki masu tsabta, da tasa ta tare datti.
- Giris mai jure zafi wanda aka yi don birki, da man birki irin wanda aka rubuta a murfin kwalbarsa, DOT 3 ko DOT 4.
- Takunkumin hanci, da tabarau na kare ido.

Mataki na 1: Tsayar da mota

A sami wuri mai tauri wanda ba gangare, domin jak a kan yashi ko laka nutsewa yake yi sannu a hankali ba tare da ya yi gargaɗi ba. A sa mota a giya, a danna weji gaba da bayan tayoyin gaba, a sassauta notocin tayoyin baya tun suna ƙasa, sannan a ɗaga, a zaunar da motar kan madogaran ƙarfe a wuraren da aka tanada a jikinta, a girgiza ta da hannu a tabbata ta zauna. Bayan haka ne za a cire tayoyin a saki birkin hannu gaba ɗaya.

Dalilin wejin shi ne, birkin hannu ƙafafun baya yake kamawa, ga shi kuwa mun ɗaga su mun kuma sake shi. Idan motar mai ja da baya ce, kamar Hilux ko Hiace, giyar ma ba ta riƙe komai da zarar tayoyin baya sun bar ƙasa, ba abin da ya rage tsakanin mota da gangarawa sai wejin nan. Bulo na siminti kuwa, wanda ake yawan gani a ƙarƙashin motoci a bakin hanya, ba madogari ba ne, domin fashewa yake yi farat ɗaya. A tura tayar da aka cire ƙarƙashin motar, ta zama kariya ta biyu.

Mataki na 2: Cire ganga

Ganga iri biyu ce. Akwai wadda aka zura kawai kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kansa, taya ce ke danne ta, kamar ta Corolla. Akwai wadda boris ɗin ƙafa ke cikinta, kamar ta tsofaffin Golf, wadda sai an cire murfin tsakiya da filin da ke kulle noti da notin kansa kafin ta fito, kuma wajibi ne a tare boris ɗin waje da hannu kada ya faɗi cikin ƙasa.

Idan ganga ta ƙi fitowa, ɗayan abu biyu ne. Ko tsatsa ta manne ta da hob, ko kuwa takalma sun ci rami a cikinta har bakinta ya yi tudu yana tare su. Maganin tsatsa shi ne a bubbuga fuskar gangar tsakanin ƙusoshin taya, ba gefenta ba, ko a ɗaura ƙusoshin nan biyu na milimita 8 cikin ramukan da aka yi musu a fuskarta, ana juya su bi da bi har ta saki. Maganin tudu kuwa shi ne a janye takalman: a cire 'yar robar da ke toshe rami a bayan faranti, a zura siririn sukudireba a ɗage harshen da ke riƙe haƙoran saiti, a juya haƙoran da na biyun har a ji ganga ta sake. A Golf, wani ƙarfe ne mai siffar weji ke yin saitin, ana tura shi sama ta ramin ƙusar taya.

A nan ne gaggawa ke yin ɓarnarta ta farko. Yaro yakan zura ƙarfe tsakanin ganga da faranti ya yi ta banƙara, farantin ya lanƙwashe, daga ranar takalma ba za su ƙara zama daidai ba. Ko ya ci gaba da ɗaura ƙusoshin turowa alhali takalma na maƙale, har ƙusoshin riƙe takalmi su tsinke. Idan ganga ta taso kaɗan sannan ta riƙa komawa kamar ana janta daga ciki, to takalma ne suka riƙe ta, a tsaya a sassauta saiti.

Mataki na 3: Kawar da ƙura

Baƙar ƙurar da ke cikin ganga ba irin ƙurar hunturu ba ce. Shekaru da yawa ana haɗa fatar birki da wani ma'adini mai zare-zare da ake kira asbesto, wanda idan ya shiga huhu ba ya fita, kuma yakan haifar da ciwon huhu da sankara bayan shekaru ashirin ko fiye, lokacin da mutum ya manta da ranar da ya shaƙe shi. Ƙasashe da yawa sun haramta shi, amma ba mai iya duban takalmin da ba a san asalinsa ba ya rantse babu shi a ciki. Saboda haka kada a hura da baki, kada a busa da iskar kwamfireso, kada a kaɗe da busasshen tsumma. A sa takunkumi, a ajiye tasa a ƙasa, a jiƙa wurin da feshi ko ruwan sabulu har dattin ya gangaro, a share da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle tsumman a leda a zubar.

Fetur da kalanzir da gas kada su kusanci wurin, domin robobin silinda ba sa jituwa da man da aka tato daga fetur: sukan kumbura su yi laushi, bayan 'yan makonni silinda ta fara yoyo ko fistin ya maƙale.

Mataki na 4: Bincike kafin kwancewa

A buɗe gangunan biyu, amma a kwance ɓangare ɗaya kawai, a bar ɗayan a haɗe ya zama abin dubawa, a kuma ɗauki hotonsa da waya kafin a taɓa komai. Sai dai a tuna cewa hagu kishiyar dama ce a tsari: abin da ke fuskantar gaban mota a can, gaban mota zai fuskanta a nan.

Sannan a duba abubuwa huɗu. Na farko silinda: a ɗaga bakin robar da ke rufe kowane fistin da ɗan yatsa, idan mai ya ɗigo ko aka ga wurin jiƙe, silindar ta mutu, a canja ta, domin sabon takalmi a ƙarƙashin silinda mai yoyo asarar kuɗi ne. Na biyu, a motoci masu ja da baya, a duba ko man aksil yana tsiyayowa ta robar hob. Ana gane shi da kauri da wari. Na uku ganga: a shafa cikinta da farce a ji ko akwai zurfafan layuka, a duba tsaga ko shuɗin tabo na ƙuna, a auna faɗinta. Iyakar faɗin da aka yarda da shi a rubuce yake a jikin gangar. A Corolla mai gangar milimita 200, iyakar 201 ce. Gangar da ta wuce iyakarta ƙarfenta ya yi siriri, ba ta ɗaukar zafi, kuma bakan sabon takalmi ba zai kwanta a cikinta ba sai tsakiyarsa kaɗai. Na huɗu yadda tsofaffin takalman suka ci: idan ɓangare ɗaya ya ƙare ɗayan kuwa kamar sabo, to akwai fistin da ya maƙale, ko saiti da ya daskare, ko wayar birkin hannu da ba ta sakewa, kuma in ba a gano shi ba sabon ma haka zai ci.

Tun daga wannan mataki har a mayar da gangunan biyu, kada kowa ya taka feda. Babu abin da ke tare fistin idan ganga ba ta nan. Taku ɗaya ya isa ya tofo su waje, mai ya zube, iska ta shiga. A rufe ƙofar direba, a gaya wa yaran gareji.

Mataki na 5: Kwance tsofaffin takalma

A sa tabarau, domin sifirin da ya kuɓuce daga filaya ba ya zaɓen inda zai sauka. A fara da babban sifirin na sama wanda ke janyo takalma, a kama shi da filayar sifirin a zare shi daga raminsa, ba a banƙare shi da sukudireba ba, don kada ya miƙe ko bakin sukudireban ya huda robar silinda. Sannan a cire masu riƙe takalmi da faranti: a tokare kan ƙusar ta bayan faranti da yatsa, a danna 'yar hular da ke kan sifirin, a juya ta rubu'in zagaye har ta fita. A buɗa takalman a zare ƙarfen saiti, a kwance sifirin na ƙasa, daga ƙarshe a janye sifirin da ke kan wayar birkin hannu a zare kan wayar daga mariƙinta.

Kowane abu da ya fito a jera shi kan tsumma bisa tsarin da yake a jikin mota, na sama a sama, na gaba a gaba. Da takalma sun bar silinda, a zagaya ta da zoben roba ko siririyar waya don fistin kada su sulalo da kansu.

Mataki na 6: Gyara mazauni

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi bambanta gwani da mai koyo. A jikin faranti akwai 'yan tuddai, galibi shida, uku ga kowane takalmi, a kansu gefen takalmin ke zamewa duk lokacin da aka taka birki. A goge su da burushi da sanfefa har su yi sumul. Idan sun ci rami takalmi zai riƙa maƙalewa a ciki, ya ƙi komawa ko ya kama da fizga. A shafa musu giris na birki, ɗan kaɗan, gwargwadon abin da zai sa wurin ya yi sheƙi, haka ma inda takalmi ke haɗuwa da fistin da inda yake dogara a ƙasa. Giris na boris ba ya yi a nan, domin narkewa yake yi da zafi ya gangaro kan fata.

A warware ƙarfen saiti gaba ɗaya, a wanke zarensa, a duba haƙoransa ko sun dakushe, a shafa masa giris kaɗan, a mayar da shi har ƙarshe, wato a gajarce shi iyakar gajartarsa, tun da sababbin takalma sun fi tsofaffi kauri. A kiyaye kuma: a motoci da yawa zaren na dama da na hagu ba ɗaya ba ne, ɗaya yana ɗauruwa ta hannun dama ɗaya ta hagu. Wanda ya zuba su a tasa ɗaya ya musanya su, ya haɗa birkin da zai riƙa sassauta kansa maimakon ya matse, kuma ba zai gane ba sai bayan mota ta bar gareji. Gangar ma a goge cikinta da sanfefa don kawar da santsi, a rage tudun bakinta, a wanke ta ta bushe.

Mataki na 7: Haɗa sababbi

A ɗora sabon takalmi kan tsoho a gwada: tsawo, da faɗi, da ramuka, da inda fata ta fara da inda ta ƙare. A cikin kwali ɗaya takalman ba lalle su zama iri ɗaya ba. A wasu motoci, musamman manyan da ake kawowa daga Amurka, mai gajeriyar fata gaba yake zama, mai doguwa baya. A wasu kuma kaurin fatar ne ya bambanta. Idan aka haɗa masu gajeriya biyu a ƙafa ɗaya, masu doguwa biyu a ɗayar, mota za ta riƙa fizga gefe duk lokacin da aka taka birki.

A ciro mariƙin birkin hannu daga tsohon takalmi a mayar kan sabo, da sabon zoben kulle, a matse bakinsa da filaya, a tabbata mariƙin yana lilo ba tare da ya yi sako-sako ba. Sannan a bi tartibin kwancewa a juye: waya, takalmin baya da ƙusarsa, sifirin ƙasa, ƙarfen saiti, takalmin gaba da ƙusarsa, sifirin sama. A cire zoben da aka ɗaure silinda da shi, a tabbata bakin kowane takalmi ya shiga tsagar fistin bai tsunkule roba ba. A wanke hannu kafin a taɓa fata, ko a rufe ta da takarda mai manne har a gama. Fatar da ta sha giris ko man birki ba ta wankuwa, domin maiƙon yana cikinta, zafi ne zai fito da shi daga baya. Sifirin da ya yi tsatsa, ko ya miƙe, ko ya canja launi don zafi, a jefar da shi: idan ya gaza janyo takalmi, takalmin zai yi ta gogar ganga har ya ƙone.

Kafin a rufe, a kwatanta da ɓangaren da aka bari, rami da rami, ƙugiya da ƙugiya. In sun dace, sai a koma can a maimaita.

Mataki na 8: Saiti

Nan ne zuciyar aikin. Tazarar da ake nema ƙarama ce ƙwarai. A Corolla, faɗin takalman biyu a haɗe ya kamata ya gaza faɗin ganga da kimanin milimita 0.6 kacal. Wanda ba shi da ma'auni sai ya bi ta hannu da kunne: ya buɗa saiti kaɗan, ya zura ganga, ya riƙe ta da notoci biyu don ta zauna daidai, ya juya, ya ci gaba da ƙarawa haƙori-haƙori har ya ji ta fara kamawa, sannan ya rage kaɗan har ta riƙa juyawa da hannu ɗaya ana jin 'yar shafa mai laushi. Idan gangunan biyu sun zauna, a taka feda sau da yawa don takalma su tsaya a tsakiya, a sake juyawa a ji, domin sau da yawa abin da aka ɗauka kamu ne, ashe takalmin ne ya karkace. A gwada dama a gwada hagu, a tabbata nauyin juyawarsu ɗaya ne.

Idan tazara ta yi yawa, man da feda ke turawa zai ƙare wajen cike ta, feda ta nutse, birkin baya ya makara. Idan ta yi kaɗan, ganga ta yi zafi, fata ta ƙone ta yi santsi, mota ta riƙa shan mai ba dalili. Saitin da ke aiki da kansa ragowar yake gyarawa: a wasu motoci da jan birkin hannu, a wasu da taka feda, a wasu kuma da taka birki ana ja da baya. A yi abin da ya dace da motar har a daina jin ƙas-ƙas daga cikin ganga.

A motar da boris ke cikin ganga, a sa masa giris, a ɗaura noti ana juya ganga har boris ya zauna, a sassauta har wasalin da ke bayan notin ya riƙa motsi idan an tura shi da bakin sukudireba, a kulle da sabon fil.

Mataki na 9: Birkin hannu da man birki

Sai an gama saitin takalma sannan a taɓa wayar birkin hannu. Kuskuren da ya yaɗu shi ne, mai mota ya ce birkin hannu ya yi sama, yaro ya tafi kai tsaye ya matse notin waya. Wayar ta janye takalma daga mazauninsu, saitin da ke aiki da kansa ya daina aiki. Idan an canja takalma a motar da aka yi wa haka, a sassauta wayar tukuna. A yawancin ƙananan motoci birkin hannu yakan kama tsakanin ƙas huɗu da bakwai, kuma idan an sake shi dole tayoyin su juya sakayau.

A duba kwalbar man birki a cika ta zuwa layin sama da mai daga sabuwar gora, domin man birki yana shan danshin iska, kuma danshi yana rage zafin da yake iya jurewa: DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa wajen 140. Idan an canja silinda ko fistin ya fita, wajibi ne a fitar da iska har feda ta yi tauri. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa a madadin mai, da ƙusar da ake dannawa cikin bututu don toshe ƙafar da ke yoyo, duk wanda ya tarar da su a motar da aka kawo masa, kada ya mayar da ita hanya a haka, ko da mai ita ya ce shi takalma kaɗai ya kawo a canja.

Mataki na 10: Gwaji

A mayar da tayoyi, a sauke mota, a ɗaure notoci a gicciye, ɗaya sannan na daura da shi, don ganga ta kwanta daidai. Ɗaurin Corolla 103 ne a ma'aunin Nm, ba ya bukatar a hau sifana da ƙafa. Kafin a motsa, a taka feda a riƙe ta rabin minti: idan tana nutsewa a hankali akwai yoyo, idan tana da laushi kamar soso akwai iska, kuma a kowane hali motar ba ta fita. Idan ta tsaya da tauri, a fita wurin da ba jama'a, a gwada a gudun tafiyar ƙafa, sannan a hau zuwa kilomita 40 ko 50 a sauko da taku matsakaici kamar sau goma, ana barin tazara tsakani don ganga ta huce. A lura ko mota na ja gefe. Da an dawo a kusantar da bayan hannu ga kowace ganga ba tare da an taɓa ba: ɗumi daidai a ɓangarorin biyu alamar lafiya ce, ɗaya zafi ɗaya sanyi, ko warin ƙuna, yana nufin a sake ɗagawa a sake saiti.

Abin da za a gaya wa mai mota

A nuna masa tsofaffin takalmansa, a faɗa masa gaskiyar halin gangunansa da silindoginsa, har da abin da aka gani ba a gyara ba saboda ya ce kuɗinsa bai kai ba, don ya san da me yake tafiya. A shaida masa cewa sabuwar fata ba ta gama kwanciya a cikin ganga sai an yi 'yan ɗaruruwan kilomita, saboda haka ya guji lodi mai nauyi da taku na fizga a kwanakin farko in ba larura ba. Idan ya ratsa ruwa da damina ya riƙa ɗan taka birki yana tafiya har gangunan su bushe. A doguwar gangara kuma ya sauko da ƙaramar giya, injin ya taya birki aiki. A ce ya dawo bayan mako biyu a sake duba saiti da notoci da kwalbar mai, kuma kada a karɓi kuɗin wannan dubawa, domin tana cikin aikin farko. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya tsare matafiya.